Shin da gaske Kiristoci na shan wuya a ƙasashen Musulmi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Gombe. Ɗaki ɗaya muke da wani Batangale ɗan Billiri, Kirista, kuma zamanmu lafiya lau, har kwano ɗaya muke ci. Rannan gardama ta kaure tsakaninmu. Ya ce duk ƙasar da Musulmi suka fi yawa Kirista ba shi da sakat, ya lissafo Iraƙi da Pakistan da Saudiyya, ya ce ko a nan Arewa ma haka abin yake. Ni kuma na ce masa wannan farfagandar Turawa ce don a ɓata Musulunci. Tun ranar sai gaisuwa kawai. Tunda kana koyar da shari'a, kuma ka daɗe kana zaman sulhu a Bauchi, ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya yi maka albarka da zaman da ya yi tsami ya dame ka har ka nemi bayani.

Ba zan ɓoye maka ba, a ƙasashe ukun da ya lissafa abokinka ya fi ka gaskiya. Inda ya zame shi ne da ya yi wa ƙasashen Musulmi kuɗin goro. Kai kuma zamewarka ta fi tasa haɗari, domin ka ƙaryata abin da yake da ranaku da kaburbura, kuma ka yi hakan ne kana zaton addini kake karewa.

Mu fara da Iraƙi. Kiristocin can ba baƙi ba ne, ba kuma mishan ne suka kai musu addinin ba kamar yadda aka yi a ƙasar Tangale a ƙarnin da ya wuce. Suna nan tun ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Manzon Allah (SAW), kuma har yau a coci da wani reshe na harshen Aramiya suke addu'a, harshen da Annabi Isa (AS) ya yi magana da shi. Sun zauna ƙarƙashin Umayyawa da Abbasiyawa da Daular Usmaniyya ta Turkiyya. A zamanin Abbasiyawa ma wani Kirista ne, Hunainu bin Ishaƙ, ya yi fice wajen fassara littattafan likitancin Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza. Kafin Amurka ta mamaye ƙasar a 2003, ana ƙiyasta yawansu ya haura miliyan ɗaya. Yau ba su kai dubu 300 ba. Ranar 31 ga Oktoba 2010 'yan bindiga suka kutsa wani coci a Bagadaza ana tsakiyar ibada, mutum 58 suka mutu. A Yunin 2014 ISIS ta kama Mosul, a Yuli kuma ta ba Kiristocin birnin wa'adi: su musulunta, ko su biya jiziya, ko su fita, ko takobi. Aka bi gidajensu da fenti ana rubuta harafin nun a bango, alamar gidan Nasara ne. Waɗanda suka fita, a shingayen hanya aka tsayar da su aka karɓe kuɗi da wayoyi da zoben mata. Da watan Agusta ya kama, garin Ƙaraƙosh da ƙauyukan da ke kewaye suka faɗi, mutane sama da dubu ɗari suka tsere zuwa yankin Ƙurdawa, da yawansu daga su sai kayan jikinsu.

Na san abin da za ka ce: ai ISIS Musulmi ta fi kashewa. Haka ne. A watan da ta kama Mosul ta harbe matasa 'yan Shi'a fiye da dubu a kusa da Tikrit, daga baya ta rusa masallacin Annabi Yunusa, ta yi wa Yazidawa, wasu tsiraru masu nasu addinin, abin da ya fi na Kiristoci muni. Za ka kuma ce mamayar Amurka ce ta rusa hukumar da ke riƙe da ƙasar, har kowane mai bindiga ya zama sarki a unguwarsa. Wannan ma haka ne. Sai dai wanda ya riƙe gwangwanin fentin nan ba Ba'amurke ba ne. Larabci yake yi, kuma ayar jiziya ya jawo ya kafa hujja. Abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu nuna ya yi wa addini ƙarya, kamar yadda malamai sama da 120 daga ƙasashe daban-daban suka yi a Satumban 2014, lokacin da suka rubuta wa shugaban ƙungiyar buɗaɗɗiyar wasiƙa suna warware hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya. Su ba su ce abin bai faru ba.

Pakistan zan ɗan daɗe a kanta, domin ciwonta ya yi kama da namu. A can hukuma tana nan da ƙarfinta, matsalar tana cikin doka da yadda jama'a ke amfani da ita. A 1986, zamanin mulkin Janar Ziya'ul Haƙ, aka ƙara sashe na 295-C a dokar manyan laifuka, wanda ya tanadi kisa ga wanda ya yi ɓatanci ga Annabi (SAW). Babu Musulmin da zai ji daɗin a taɓa darajar Manzo, wannan ba abin gardama ba ne. Amma duba yadda abin ke gudana a ƙasa. A 2009 wata mata Kirista mai aikin gona, Asiya Bibi, ta yi cacar baki da matan da suke aiki tare a kan ruwan sha, saboda sun ce ta ɓata musu moɗa da bakinta. Bayan 'yan kwanaki aka ce ta yi ɓatanci. A 2010 kotu ta yanke mata hukuncin kisa. Gwamnan jihar Punjab, Salman Tasir, Musulmi, ya ce a sake duba shari'ar, sai mai gadinsa ya harbe shi a Janairun 2011. Bayan wata biyu aka kashe Shahbaz Bhatti, ministan harkokin tsiraru, wanda Kirista ne. Sai a Oktoban 2018 Kotun Ƙoli ta wanke matar, bayan ta gano maganganun shaidu suna cin karo da juna. Alƙalin alƙalan ƙasar ya rufe hukuncinsa da hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa wanda ya zalunci wanda ke cikin amanar Musulmi, ko ya tauye masa haƙƙi, ko ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, Annabi (SAW) da kansa ne zai yi husuma da shi ranar ƙiyama. Shekara tara na rayuwarta sun tafi a kurkuku, kuma ko da aka sake ta sai da ta bar ƙasar zuwa Kanada.

A Agustan 2023 a garin Jaranwala aka ce wasu 'yan'uwa biyu Kiristoci sun wulaƙanta Alƙur'ani. Kafin rana ta faɗi an ƙona coci sama da ashirin da gidaje masu yawa. Daga baya kotu ta sallami mutanen biyu. A matsayina na mai koyar da shari'a, abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: duk tuhumar da zargi kaɗai ya isa ya hallaka mutum, to ta zama makami a hannun duk mai jin haushin maƙwabcinsa, ko a kan fili, ko bashi, ko mace. Kuma makamin ba ya tambayar addini. Mafi yawan waɗanda aka tuhuma a ƙarƙashin dokokin nan a Pakistan sunan Musulmi gare su, kuma shi ma ɗalibin nan Mashal Khan, da 'yan'uwansa ɗalibai suka kashe a jami'a a 2017 bisa zargin ɓatanci, Musulmi ne. Amma Kiristoci, da ba su kai kashi biyu cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, kuma akasarinsu talakawa ne masu shara da aikin bulo, su ne idan an zargi ɗaya ake ƙona unguwa guda.

Masar tana tsaka-tsaki. Kibɗawa, wato Kiristocin ƙasar, sun kai kimanin kashi goma cikin ɗari na al'umma, akwai attajirai da ministoci a cikinsu. Duk da haka an tayar da bam a cocinsu a Iskandariyya a daren sabuwar shekara ta 2011, an ƙona coci masu yawa a Agustan 2013, an sake kai hari Tanta da Iskandariyya a Afrilun 2017 inda mutum sama da 40 suka mutu. Mutum 21 da ISIS ta yanka a gaɓar teku a Libiya a 2015, ashirin Kibɗawa ne 'yan ci-rani, ɗaya kuma baƙar fata ne ɗan Afirka ta Yamma. Shekara da shekaru gina coci, kai har gyaran bangonsa, sai da izini daga sama, har aka yi sabuwar doka a 2016 wadda ta sassauta, aka halatta coci fiye da dubu biyu da suke aiki ba takarda. Wani abu da ake yi a ƙauyukan lardin Minya na Masar ya fi ci mini rai, domin na san irinsa a gida: a far wa Kiristoci, maimakon a kai masu laifi kotu sai a tara dattawa a yi zaman sulhu, a matsa wa wanda aka ƙona wa gida ya janye ƙara, a sha shayi a ɗauki hoto. Na daɗe a aikin sulhu, kuma ina gaya maka sulhun da aka gina a kan tilasta wa mai rauni ya yi shiru ba ya kai shekara. A Masar ɗin nan kuma, bayan bam ɗin Iskandariyya, Musulmi suka fito suka kewaye coci-coci da jikinsu a daren Kirsimetin Kibɗawa. Ka gaya wa abokinka wannan ma.

Saudiyya maganarta gajera ce. Akwai Kiristoci ma'aikata da yawan gaske daga Filifin da Indiya da Afirka, kuma babu coci ko ɗaya da hukuma ta yarda a gina. Makka da Madina suna da hukuncinsu na musamman, kuma malamai tun da can sun yi saɓani kan iyakar yankin da hadisin tsibirin Larabawa ke nufi, wasu manya sun taƙaita shi ga Hijaz. Shi ya sa maƙwabtanta suka bi wata hanya: Ƙatar ta buɗe coci a 2008, Bahrain ta buɗe babba a 2021, Kuwait da Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa duk suna da su. A Iran, Armeniyawa da Assuriyawa suna da kujerunsu a majalisa da cocinsu, amma wanda ya bar Musulunci ya shiga Kiristanci yana iya ƙarewa a gidan yari. A Sudan an yanke wa Maryam Ibrahim hukuncin kisa a 2014 bisa ridda, ta haihu a tsare kafin a sake ta, sannan a 2020 aka soke dokar. A Aljeriya an rufe coci da yawa na 'yan Furotesta tun daga 2017.

To ina kuɗin goron ya karye? Senegal, inda Musulmi suka haura kashi casa'in cikin ɗari, Kirista ɗan Katolika, Leopold Senghor, ya mulke ta daga 1960 zuwa 1980, da goyon bayan shehunan Tijjaniyya da Muridiyya. A Labanan tun 1943 kujerar shugaban ƙasa ta Kirista ce. A Jodan suna da kujeru a majalisa kuma suna cikin masu faɗa a ji. A Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, babban masallacin Istiƙlal na Jakarta wani Kirista ne, Friedrich Silaban, ya zana shi, kuma yana fuskantar babban cocin Katolika, duk da cewa a ƙasar ne aka ɗaure gwamnan Jakarta Kirista a 2017 bisa zargin ɓatanci. Maƙwabciyarmu Nijar ta daɗe da zaman lafiya da Kiristocinta 'yan kaɗan, amma a Janairun 2015, saboda zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) da wata jarida ta yi a Faransa, aka ƙona coci masu yawa a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka goma. Me ya haɗa Bahaushe Kirista na Damagaram da masu zane a Faris? Idan ka jera waɗannan ƙasashe za ka ga yawan Musulmi ba shi ne ke yanke hukunci ba. Abin da ke yankewa shi ne irin dokar da aka rubuta, da ko hukuma na hukunta mai tayar da fitina, da abin da malamai ke faɗa a kan mumbari, da kuma ko ƙasar na tsaye ko ta rushe.

Addinin kansa bai bar mu cikin duhu ba. A suratul Baƙara, aya ta 256, Allah ya ce babu tilasci a addini. A suratul Hajji, aya ta 40, wurin da aka fara ba Musulmi izinin kare kansu, Allah ya ce ba don yana tunkuɗe wasu mutane da wasu ba, da an rushe ɗakunan masu kaɗaita don ibada da coci-coci da wuraren bautar Yahudawa da masallatai. A Mumtahana, aya ta 8, bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, da yi musu adalci. A Ma'ida, aya ta 8, ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. Buhari ya ruwaito cewa wanda ya kashe wanda ke da alkawari da Musulmi ba zai ji ƙamshin Aljanna ba. Lokacin da Ƙuraishawa suka matsa wa sahabbai, wurin sarki Kirista, Najjashi na Habasha, Annabi (SAW) ya tura su, ya ce ba a zaluntar kowa a wurinsa. Sayyidina Umar ya rubuta wa mutanen Ƙudus amana a kan rayukansu da dukiyarsu da cocinsu da gicciyensu, kuma har yau mabuɗin babban cocin birnin yana hannun wasu gidaje biyu na Musulmi.

Tarihinmu kuwa yana da fari yana da baƙi, kuma ɗalibin ilimi ba ya ɗaukar rabi. Tsarin zimma, wato amanar da ake ba wanda ba Musulmi ba a ƙarƙashin mulkin Musulunci, ya kare rai da dukiya da ibada a zamanin da Turai ba ta san haka ba; da Sifaniya ta kori Yahudawa a 1492, ƙasashen Musulmi ne suka karɓi da yawansu. Amma zimmi bai kasance daidai da Musulmi a gaban hukuma ba, akwai ƙa'idoji a kan sabon coci da shaida da muƙami. Sarki Alhakim na Faɗimiyawa ya rusa babban cocin Ƙudus a 1009. An yi wa Armeniyawa Kiristoci kisan ƙare dangi a Daular Usmaniyya daga 1915. A Dimashƙa a 1860 an kashe dubban Kiristoci, kuma wanda ya fito da mutanensa ya kwashe dubbai ya ɓoye su shi ne Amir Abdulƙadir na Aljeriya, mutumin da ya shekara goma sha biyar yana yaƙar Faransa. Ya san bambancin sojan da ya mamaye ƙasarsa da maƙwabcin da ke zuwa coci. A Janairun 2016 malamai ɗaruruwa suka taru a Marrakesh ƙarƙashin jagorancin Shaikh Abdullahi bin Bayya, suka dogara da yarjejeniyar Madina suka ce abin da ya dace da zamanin nan shi ne zama 'yan ƙasa ɗaya masu haƙƙi ɗaya. A Fabrairun 2019 Shehun Azhar, Ahmad Aɗɗayyib, da Fafaroma Francis suka sa hannu a takarda mai irin wannan ma'ana a Abu Dhabi.

Wuri mafi wuya shi ne ridda, kuma ba zan kewaye shi ba. Littattafan fiƙihu na mazhabobi huɗu sun hukunta kisa ga namijin da ya yi ridda, bayan an nemi ya tuba. Wasu malaman zamani suna ganin hukuncin ya shafi wanda ya haɗa barin addini da cin amanar al'umma a lokacin yaƙi, wasu kuma suna nan a kan tsohon ra'ayi. Amma babu mazhabar da ta miƙa wannan hukunci, ko na ɓatanci, ga taron matasa da duwatsu da taya. Sai alƙali, sai shaidu, sai an ji ta bakin wanda ake zargi. A Najeriya kuwa sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini har da sauya shi, sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, kuma dokokin shari'a da jihohin Arewa suka yi tun daga Zamfara ba su sa ridda a jerin laifuka ba.

Yanzu mu dawo gida, inda na tabbata maganar ta fi yi wa abokinka zafi. Ba zimmi ba ne shi, ba kuma baƙo ba. Kakanninsa suna kan duwatsun Tangale tun kafin a shata Najeriya. Ɗan ƙasa ne kamar kai, kuma tsarin mulkin da muke zaune a kansa alkawari ne tsakaninmu, mu kuwa an umarce mu da cika alkawari. Idan ya ce yana jin tsoro, ga abin da yake tunawa. A Maris na 2007, a cikin garin Gombe, an kashe wata malamar sakandare, Christiana Oluwasesin, tana sa ido a jarrabawa, bisa zargin ta wulaƙanta Alƙur'ani. A Janairun 2012 an harbe masu ibada a wani coci a Gombe. Leah Sharibu, cikin 'yan matan Dapchi 110 da aka sace a Fabrairun 2018, ita aka riƙe saboda ta ƙi barin addininta. A Mayun 2022 aka kashe Deborah Samuel a Sakkwato, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi tir da kisan, amma mutum biyun da aka gurfanar ba da laifin kisa aka tuhume su ba. A nan Bauchi, Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya a Warji, ta tura wani bidiyo a WhatsApp kan wannan kisa, aka ce akwai ɓatanci a ciki, gari ya hargitse, ta shafe sama da shekara ɗaya da rabi a tsare, sannan a Disamban 2024 kotu ta wanke ta.

Akwai kuma wanda ba ya shiga labarai. A wani zaman sulhu da na halarta, wani dattijon fasto ya zo da jakar leda, ya zazzage ta a kan tebur. Takardun neman izinin fili ne, wasu sun yi ja saboda daɗewa, da rasit-rasit an haɗa da allura, kowanne da hatimin "an karɓa". Ya ce mana, cikin Hausar da ta fi ta wasunmu, tun yana saurayi ake kai takardar nan, yanzu ga furfura, har yau a rumfar kwano suke ibada, kuma kullum cikin fargabar za a zo a ce haramtaccen gini ne. Bai ɗaga murya ba. Wani daga cikinmu ya ce ai a Kudu ma haka ake yi wa masallatai. Dattijon ya ce, "To Alhaji, ni na hana su?" Irin wannan koke, da na rashin malamin darasin addinin Kirista a wasu makarantun gwamnati, da na ɗaukar aiki, da na yarinyar da ba ta balaga ba a ce ta sauya addini ba da sanin iyayenta ba, su ne suke taruwa a zuciya shekara da shekaru.

Shi ma abokinka akwai abin da ya kamata ya saurara. Boko Haram ta kashe Musulmi ba adadi: masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014, Shaikh Albani a Zariya, Sarkin Gwoza da aka harbe a Mayun 2014 yana kan hanyar zuwa Gombe jana'izar Sarki. A Agustan 2021 an tare matafiya a hanyar Rukuba a Jos, suna dawowa daga zikiri a nan Bauchi, aka kashe sama da ashirin. A garinsu Billiri, a rikicin sarautar Mai Tangale na Fabrairun 2021, an rasa rayuka, an ƙona shaguna da gidaje da wuraren ibada, kuma a can Musulmi ne 'yan tsiraru masu kwana da ido ɗaya. Rikicin Tafawa Ɓalewa na Afrilun 1991, wanda ya faro daga mahauta ya bazu har cikin garin Bauchi, tushensa maganar sarauta da ƙasa ce tsakanin Sayawa da masarauta, addini ya zo ya hau kai, kuma kowane ɓangare ya binne nasa. Wanda ya ce Kirista kaɗai ake kashewa a Arewa bai faɗi gaskiya ba.

A nan ne ɗan abin da ka faɗa na farfaganda yake da gindi. Akwai 'yan siyasa a Amurka da Turai da ke ɗaukar wahalar Kiristoci su yi kasuwa da ita. Amurka ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ke tauye 'yancin addini a 2020, ta cire ta a 2021, ta mayar da ita a 2025, gwargwadon wanda ke kan mulki. Wasu masu kuka da Kiristocin Najeriya ba a ji bakinsu ba da aka kai hari cocin Gaza a Oktoban 2023, ko da aka harbe 'yar jarida Shirin Abu Aƙila, wadda Kirista ce Bafalasɗiniya. Haka nan danniya ba ta tsaya ga ƙasashen Musulmi ba: Koriya ta Arewa ta fi ko'ina tsanani ga Kirista, Musulmin Rohingya fiye da dubu 700 sun tsere daga Myanmar a 2017, Suwizalan ta hana gina hasumiyar masallaci a 2009. Amma mugun nufin mai ba da labari ba ya ta da wanda aka kashe. Kuma laifi tudu ne. Idan muna so a ji kukanmu a kan Rohingya, ko masallacin da aka hana ginawa a Kudu, ko mafarautan da aka kashe a Uromi a 2025, to sai mun iya faɗin sunan Deborah ba tare da mun haɗa da "amma" ba.

Kana da abin koyi kusa da kai. Ranar 23 ga Yunin 2018, da maharan suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar, dattijo mai shekara sama da tamanin, ya buɗe gidansa ya shigar da mata, ya buɗe masallaci ya shigar da maza, mutum 262, akasarinsu Kiristoci Birom. Ya tsaya a bakin ƙofa yana roƙon masu bindiga, ya ce sai dai su fara da shi. Bai yi digiri a kan 'yancin ɗan Adam ba. Karatun allo da na zaure ya yi, kuma a cikinsa ya samo abin da ya tsayar da shi a ƙofar nan.

Game da ɗakinku, shawarata ita ce kai ka fara. Ka same shi bayan an ci abinci, ka ce masa ka bincika, abin da ya faɗa a kan Mosul da Jaranwala gaskiya ne, kuma kai a matsayinka na Musulmi ba ka yarda da shi ba. Kada ka bi da jerin namu a zama ɗaya, ka bari sai wani lokaci, zai fi shiga. Ka tambaye shi abin da shi da iyayensa suka gani da idonsu, ka saurara har ya gama, ko da wani abin zai yi maka ɗaci. Daga baya ka kawo masa Senegal da Jodan da Liman Abubakar, ka kuma tambaye shi yadda Musulmin Billiri suka kwana a Fabrairun 2021. Idan kuma wata rana ka ji ihu a makaranta ana cewa wani ya yi ɓatanci, kada ka tura saƙon ga kowa, kada ka bi taron. Ka kira jami'an tsaron makaranta da limamin masallacinku nan take, sannan ka nemi inda abokin ɗakinka yake.

Allah ya daidaita tsakaninku. Ka gaishe shi.